Hannun da Aka Ɗaure da Fatar Yanyawa

Da sunan Allah nake farawa, ina kuma gode masa da ya bar mini maigidana da rai, ko da yake bai dawo mini da shi yadda ya fita ba. Sunana Hajara. Man gyaɗa nake yi da ƙuli-ƙuli a wani ƙauye kusa da Badafi, cikin ƙasar Kiru. Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan labari shi ne, duk wanda ya zo duba mu da labarin maharba yake komawa gida, ni kuwa da na wanke ciwon da hannuna babu wanda ya tambaye ni me na gani. To ga nawa, don matan da mazajensu ke fita farautar dare su ji.

Maigidana, Baban Nana, manomi ne. Masara yake yi da dawa da gyaɗa. Ba shi da shago, ba shi da albashi, abin da hannunsa na dama ya noma shi muke ci, da mu da yaranmu da mahaifiyarsa Inna wadda ke zaune tare da mu. Mutum ne mai sauƙin kai a gida, ba ya zagi, ba ya duka. Aibinsa ɗaya ne: in an gama kaka, wata ya yi duhu, to ba ka da shi. Yana gama cin tuwo zai ɗaura fitila a goshi, ya kira karensa, ya nufi ƙofar gidan Sarkin Baka, wato shugaban maharban garinmu. A can suke taruwa kafin su bazu cikin gonaki neman yanyawa.

Ga wanda bai san yanyawa ba, 'yar dabba ce kamar ƙaramin kare, mai manyan kunnuwa da jela mai gashi. Rami take haƙawa a jigawa, da rana ba a ganinta, sai dare ya yi ta fito ta ɗauki kaza, ta sha ƙwan zabi, ta tone gyaɗa. Ba zan yi mata ƙarya don kare ta ba, ni ma ta cinye mini kaji. Amma ni dai na san ba don kajina mazan nan ke fita ba. Daɗin abin suke ji. Su haska fitila har su ga ido yana ƙyalli, su saki karnuka, ta gudu ta faɗa rami. Sai su toshe sauran bakunan ramin, su tura hayaƙin ƙaiƙayi da barkono. In ta ƙi fitowa, sai ɗaya ya kwanta rub da ciki, ya zura hannu har kafaɗa ya jawo ta. Wannan zura hannun shi ne jarumta a wurinsu, kuma a duk garin an san Baban Nana da ita. Ya dawo mini da asuba yana warin hayaƙi da ƙarnin dabba, yana murmushi. Naman kuwa ban taɓa yarda ya shiga tukunyata ba, wata tsohuwar tukunya mai fasasshen baki na ware masa a bayan rumbu.

Ranar da abin ya faru, ina hura wutar koko da asuba sai ga ƙaninsa Sabo ya shigo da shi. Sabo ɗan acaɓa ne, yakan bi su wani lokaci don a raba nama da shi. Na ga hannun maigida da wani abu mai gashi, jini na ɗiga, na ɗauka dabbar ce ya riƙo. Da na matso da fitila sai na ga fata ce ɗanya sharaf, an kifa ɓangaren naman a kan hannunsa, an naɗe tun daga yatsu har wuyan hannu, an ɗaure tam da tsirkiya. Kan yatsunsa kawai ke leƙowa.

Sabo ne ya yi mini bayani. Baban Nana ya zura hannu kamar kullum, ashe uwa ce mai 'ya'ya a ciki. Ta cafke shi tsakanin babban yatsa da manuni, ta ƙi saki, sai da aka jawo su tare aka fasa mata kai. Nan take Sarkin Baka ya feɗe ta ya ɗaura masa fatar, domin a al'adarsu dabbar da ta ciji mutum fatarta ce ke tsotse dafin bakinta. Ya kuma kafa doka: kada ruwa ya taɓa, kada allura ta shiga jikinsa, kada mace ta sa hannu a wurin. A bar fatar har ta bushe ta saki da kanta.

Na ce a kai shi asibiti a wanke a duba. Inna ta ce in rufe bakina, tun kafin a haife ni ake ɗaura fata, mahaifin Baban Nana ma an taɓa ɗaura masa a ƙafa ya tashi garau. Shi kuwa mai ciwon, dariya ya yi, ya ce ɗan cizo ne, in ba shi kokonsa ya sha da hagu yau ɗaya.

A makon farko zazzaɓi ya fara rufe shi da yamma, hannun ya kumbura daga sama da ɗaurin. Sai wari ya biyo baya. Na iya jure warin abubuwa da yawa, na yi jegon yara, na yi jinyar kakata har ta bar duniya, amma wannan daban ne. Wari ne mai nauyi da ke manne wa mutum a maƙogwaro, ka wanke baki ka ci goro yana nan. Ƙudaje suka mai da ɗakinmu gidansu. Na kwashe yara na kai ɗakin Inna. Karensa ya riƙa bin sa duk inda ya zauna yana shinshina hannun yana lasar baki, in na kore shi ya zagayo ta baya. Ranar da na ga haka ban iya cin abinci ba.

Maharba kuwa kullum suna zaure. Su zo su baje, a yi ta maimaita labarin yadda ta kama shi da yadda bai yi ko uhum ba, ni kuma ina ciki ina dama musu fura. Wani ya ɗaga hannun ya kai hanci ya ce madalla, warin nan dafi ne ke fita. Sarkin Baka ya ƙwanƙwasa fatar da farce ya ce aiki na tafiya daidai. Ina jin su ta bayan katanga, raina na tafasa, amma mace ba ta leƙa zaure ta ƙaryata manya.

Dangi ma ba su bar mu haka ba. Kawunsa da ke Riruwai ya bugo waya ya ce masu haƙar kuza ruwan batir suke ɗiga wa irin wannan ciwo. Gwaggonsa ta Tudun Wada ta aiko da ƙullin hayaƙi, aka turara ɗakin, warin ya haɗu da hayaƙi ya zama abin da ya fi na da muni. Maƙwabciya ta ce a shafe bayan fatar da man shanu. Kowa da abin da zai ƙara a kan fatar, ba wanda ya ce a cire ta. Mutum ɗaya ne ya faɗi gaskiya, kawuna malamin allo da ke Bebeji, wanda muke kira Kawu Malam. Da na gaya masa a waya ya ce neman magani a asibiti bai saɓa wa dogaro ga Allah ba, a kai shi tun da wuri. Na isar da saƙon. Inna ta ce malam ya san allo, dawa kuwa sai maharbi. Abin da na iya kawai shi ne na roƙi Sabo ya sayo ƙwayoyin zazzaɓi a kemis, ina ba shi a ɓoye cikin kunu. Jikin ya ɗan yi sanyi, aka ce fata ce ta yi aiki.

A mako na biyu fatar ta fara bushewa, ta yi tauri kamar ta ganga, tsirkiyar ta nutse cikin kumburi. Kan yatsun da ke leƙowa suka yi duhu, daga nan suka koma baƙi, in na taɓa da gefen zani sai in ji su da sanyi. Sai ya wayi gari ya ce raɗaɗin ya tafi, ba ya jin komai a hannun. Inna ta yi hamdala, aka aika wa Sarkin Baka da albishir. Ni ma, don Allah ya sani, na so ya zama gaskiya.

Wata rana da hantsi, Inna ta tafi suna maƙwabta, shi kuma zazzaɓi ya kwantar da shi yana barci a kan tabarma. Na shiga share ɗaki sai na ga wani farin abu yana motsi kusa da hannunsa. Na sunkuya. Tsutsa ce. Ina kallo wata ta sake fitowa daga ƙarƙashin fatar ta faɗo. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗora ruwa na zuba gishiri, na ɗauko sabuwar reza, na durƙusa na datse tsirkiyar.

Ya farka a firgice ya ce, "Hajara, me kike yi? Kashe ni za ki yi?"

Na ce, "Malam, ka yi haƙuri. In ma mutuwa ce, ga ta nan a ɗaure a hannunka. Bari mu gan ta da idonmu."

Na jiƙa fatar na ɗaga a hankali. Ta taso tare da tasa fatar. Ba zan faɗi duk abin da na gani ba saboda masu cin abinci, amma bayan hannun ya zama kore da baƙi, ruwa mai kauri na tsiyaya, tsutsotsi sun yi gida a inda haƙoran suka shiga. Na fita bayan ɗaki na yi amai har cikina ya ƙulle, na kurkure baki, na dawo na ci gaba da wankewa. Shi kuwa ya ɗaga hannun ya kalla, ya daɗe yana kallo. Fatar na ɗauka da itace na jefa a masai.

Inna na dawowa ta saka salati, ta ce na karya magani, saura ƙiris fatar ta saki na lalata komai. Aka kira Sarkin Baka. Ya tsaya a zaure, ya ƙi shigowa ya ga hannun, ya ce tunda mace ta taɓa shi kam ya cire hannunsa, abin da ya biyo baya ba ruwansa. Ya karkaɗe riga ya tafi. Na ji ƙyamar mutumin nan a ranar fiye da yadda na ji ƙyamar tsutsar.

Sabo, Allah ya saka masa, bai tsaya jin ta bakin kowa ba. Da ya ga hannun sai ya ce, "Matar Yaya, ɗauko mayafinki." Muka sa shi a tsakiya a kan babur, ina riƙe da shi ta baya, muka je asibitin da ya fi kusa da mu. Ma'aikacin da ya buɗe zanin da na naɗe hannun ya mayar ya rufe nan take, ya ce wannan ya fi ƙarfinsu, mu wuce Kano yau ɗin nan. A Kwanar Dangora muka shiga mota. Ba mu yi nisa ba fasinjoji suka fara toshe hanci, wata mata ta ce wa direba ko ya sauke mu ko ita ta sauka. Ban ga laifinta ba. Sai da muka biya kuɗin kujerar baya gaba ɗaya, aka buɗe tagogi, sannan aka ci gaba da tafiya.

A babban asibitin da muka je, layi ne a kan layi. Layin yankar kati, layin biyan kuɗi, layin gwajin jini, kowanne a wani gini daban, ga mutum yana rawar sanyi a kan benci. Amfani ɗaya da warin ya yi mana shi ne duk bencin da muka nufa sai a watse a bar mana. Da yamma muka ga likita, wani matashi mai magana a hankali. Ya tambayi me ya cije shi, yaushe, me aka sa. Na faɗa masa komai, Baban Nana na sunkuye. Ya ɗauki allura ya riƙa tsira wa yatsun ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko yana ji. Bai ji ko ɗaya ba.

Likita ya ajiye allurar ya ce, "Baba, ba cizon ne ya yi maka wannan ba, ɗaurin ne. Ɗanyar fata in tana bushewa matsewa take yi, ga ƙazanta a ciki, jini ya daina zuwa. Naman ya mutu. Da a ranar kuka zo, wankewa ne da allura."

Kalmomin nan uku, naman ya mutu, har yau ina jin su da muryarsa. Ya ce za su yi ƙoƙari su ceci abin da zai cetu, ya kuma rubuta allurar da ake yi wa wanda kare ya ciza, domin ba a san lafiyar dabbar ba. Ita ma sai da Sabo ya zaga gari kafin ya samo. Allurar da aka ce in ta shiga jikinsa zai mutu, an yi masa ita sau da yawa, yana nan da ransa.

Mako na uku a gadon asibiti muka yi shi. Kullum da safe a kwance ciwon, a yanke naman da ya mutu, a wanke, a rufe. Yatsu biyu suka fara tafiya, ana fatan tafin hannu da babban yatsa za su tsira, ko ya iya riƙe fartanya. Wannan fatan shi ya riƙe ni. Komai saya ake yi: safar hannu, auduga, ruwan ƙari, har filasta. Sabo ya koma gida ya fitar da masarar da muka yi niyyar ajiyewa sai ta yi daraja, ya sayar a farashin kaka. Da ta ƙare aka bi ta kan akuyoyina, sannan gyaɗar da nake juya sana'ata da ita. Ni a baranda nake kwana a kan tabarma tare da sauran masu jinya, sauro na cin mu. Banɗakin wurin kuwa, in na tuna shi har yanzu tsigar jikina na tashi. Na rage cin abinci da shan ruwa don dai in rage shiga.

A cikin ma'aikatan akwai wata da kullum sai ta ce mana mutanen ƙauye ba ma zuwa sai mun ruɓe, tana faɗa tana yatsina fuska a gaban mai ciwo. Ta ba ni haushi, abin da ya fi ba ni haushi kuma shi ne ba ni da bakin musa mata. Amma akwai wata dattijuwa a cikinsu da ban taɓa ganin ta toshe hanci ba. Ita ta koya mini yadda zan juya shi, yadda zan goge masa jiki ba tare da na jiƙa wurin ba, takan kuma tsaya ta tambaye ni ko ni na ci abinci. Akwai wata baiwar Allah daga Doguwa da ke jinyar mijinta a gadon kusa da namu, da risho ɗaya muka riƙa girki, ranar da ba ni da komai ba ta taɓa bari na gane ta gane ba. Ban san inda take yanzu ba, amma tana cikin addu'ata.

Maharba fa? Ko mutum ɗaya bai tako asibitin ba. Waɗanda suka shanye mini fura a zaure, kuɗin mota ya gagare su. Abin da suka aiko ta hannun Sabo shi ne busasshiyar jelar yanyawar, wai a sa masa a ƙarƙashin matashi. A kwandon shara na sa ta, ban ko gaya masa ba.

A mako na huɗu baƙin ya haura wuyan hannu, zazzaɓin ya dawo da ƙarfi har yana sambatu. Likita ya kira ni da Sabo, sannan ya faɗa wa Baban Nana a gabanmu cewa sai an yanke daga ƙasan gwiwar hannu, in ba haka ba abin zai shiga jini ya tafi da shi gaba ɗaya. Baban Nana ya juya fuska bango ya ce, "Da me zan yi noma? Ku mai da ni gida in mutu da hannuna." Inna ta bugo waya tana kuka, ta ce a dawo mata da ɗanta, an ba ta labarin wani mai magani a bakin dajin Falgore. Na durƙusa a gefen gado na roƙe shi da girman Allah da na 'ya'yansa, bai kula ni ba. Sai da Kawu Malam ya taso daga Bebeji, ya zauna da shi tun azahar har la'asar, ban san duk abin da suka tattauna ba. Da ya fito ya ce mini maigidan ya yarda. Sabo ya ba da jini, aka shiga da shi.

Akwai abin da ba wanda ya taɓa gaya mini, bari in gaya muku. In an yanke, ba ku abinku ake yi. Wani ma'aikaci ya fito ya kira dangin mai ciwo, ya miƙa wa Sabo wani ƙunshi. Kawu Malam ya sayo farin ƙyalle, suka naɗe, suka kai maƙabarta suka binne. Ban kalla ba. Na zauna a baranda ina tunanin hannun da ya biya sadakina da noman gyaɗa ya riga mai shi shiga ƙasa, a garin da ba namu ba, saboda dabbar da ba ta kai zakara biyu nama ba.

Daga nan jikin ya fara kyau. Zazzaɓi ya tafi, wari ya tafi, ya fara cin abinci, bayan 'yan makonni aka sallame mu. Don haka nake cewa, 'yar'uwa, in mijinki ya dawo da cizon naman dawa, ki wanke da ruwa da sabulu nan take, ki tayar da hankalin kowa har a kai shi asibiti a ranar. Kada ki bari a ɗaura masa komai. In ya ce miki ciwo ya daina zafi alhali yatsu na baƙi, ba sauƙi ba ne.

Da muka dawo gida sai wata jinyar ta fara. Ni ke yi masa wanka, ni ke ɗaure masa tazuge, ni ke zuba masa ruwan alwala, ni ke wanke dungun in naɗe. Cin abinci ne ya fi ba shi wuya. Ya ce shi bai taɓa kai loma baki da hagu ba tun yana yaro sai lokacin da hannun ke ɗaure yana sa ran zai warke, kuma ba zai zauna gaban 'ya'yansa yana ci da hannun tsarki ba. Kawu Malam ya ce masa lalura ce, babu laifi, ya ƙi. Sai na riƙa ba shi a baki da hannuna, safe da rana da dare, in rufe ƙofa don kada yara su gani. Ban taɓa jin nauyin hakan ba. Tausayinsa nake ji in na ga ya tsaya yana kallon fartanyarsa a rataye.

A gari kuwa magana ta riga mu isowa. Wai Hajara ce ta kwance fata kafin lokaci, ita ta jawo aka yanke hannun mijinta. A wurin injin niƙa in na iso sai hira ta mutu. Wasu suka daina sayen ƙuli-ƙulina. Inna ba ta ce mini komai in ban da amsa gaisuwa. Duk na shanye, domin ina da shaida. Shi ya ga abin da ke ƙarƙashin fatar da idonsa, shi ya ji maganar likita da kunnensa. Na ce a raina duk ranar da maganar ta zo gabansa zai wanke ni.

Ranar ta zo wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Sarkin Baka ya zo dubiya da mutanensa, karo na farko tun ranar da ya karkaɗe riga. Ina tsakar gida ina tankaɗe, katanga ce kawai tsakaninmu. Aka yi gaisuwa, aka jajanta. Sai na ji Sarkin Baka ya gyara murya, ya ɗaga ta yadda za ta iso cikin gida, ya ce shi tun da yake bai taɓa ɗaura fata ta ci hannu ba, da an bar ta ta saki da kanta da yanzu ana shirin huɗa da hannu biyu. Na ajiye rariya. Na tsaya cak ina jiran amsa.

Sannan na ji muryar Baban Nana, a hankali, har da 'yar dariya irin ta neman a zauna lafiya. Ya ce, "Haka Allah ya ƙaddara, ranka ya daɗe. Ka san mata da gaggawa."

Aka yi dariya a zaure. Wani ya ce wallahi kuwa.

Ban yi kuka ba. Na gama tankaɗe, na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka da man shanu yadda yake so. Bayan magariba na kai masa ɗaki. Ya gyara zama, ya jingina da bango, yana jiran in rufe ƙofa in zauna a gabansa kamar kullum.

Ban rufe ƙofar ba. Na ɗauko buta da kwano, na kama hannunsa na hagu na wanke masa shi tas, har tsakanin yatsu. Na ajiye tuwon a gefensa na hagu, na buɗe miya, na koma bakin ƙofa na zauna.

Ya ce, "Hajara."

Na ce, "Ci a hankali, Malam. Ni na daina gaggawa."

Ya kalle ni, ya kalli kwanon. Tuwon ya fara hucewa, yara na wasa a tsakar gida suna ganin mu. Can ya sunkuyar da kai, ya yi bisimilla, ya sa hagu ya yanki loma.